Kunnen Hagu na Uwar Layi

Shekara goma sha tara ta yi a tebur na bakwai, a ɗakin karɓar koke na kamfanin ruwa, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa samun wanda ya ce ta katse masa waya ba. An zage ta, an zagi iyayenta, an haɗa da iyayen wanda ya haƙa ramin bututu. Takan saurara har mai zagin ya gaji don kansa, sannan ta tambaye shi lambar gidansa. Tun ana kiranta da sunanta har aka manta da shi. Sababbin ma'aikata sun tarar ana cewa Uwar Layi, wato layin waya, su ma suka ɗauka, manajoji huɗu kuma suka gaji sunan ɗaya bayan ɗaya.

Ɗakin dogo ne, tebur goma sha biyu a jere biyu, kowanne da katako a gefe don kada muryar wannan ta shiga wayar wancan. Kowa da kwamfutarsa da hedifon ɗinsa, abin nan mai soso biyu da ake ɗorawa a ka, da ɗan sandan magana da ke zuwa daidai baki. A littafin dokokin aiki, shafi na huɗu, an rubuta cewa dole ma'aikaci ya rufe kunnuwansa biyu da shi muddin yana kan waya. Doka ce mai kyau, sai dai wanda ya rubuta ta bai taɓa wuni a ɗakin ba.

Da ya wuni, da ya san zancen allon sanarwa. A bangon gaba akwai wani babban allo mai wuta, aikinsa ya nuna unguwar da aka rufe wa ruwa da lokacin da za a buɗe. Allon ya mutu a shekararta ta uku. An rubuta takardar neman gyara, takardar kuma ta kama hanya. Daga ranar, in injiniyoyi sun rufe wani bututu, sai manaja ya leƙo daga ƙofar ofishinsa ya ɗaga murya ya faɗa, ya koma ciki ya ja ƙofa. Mutum goma sha ɗaya masu bin doka ba sa jin komai. Uwar Layi kuwa ta zame soson dama zuwa bayan kunne, ta bar na hagu yana aikin waya, na dama yana aikin ɗaki. In ta ji sanarwa sai ta rubuta a 'yar takarda ta miƙa wa Doguwa ta tebur na takwas, takardar ta zaga. A haka kamfanin ya yi shekara goma sha shida yana faɗa wa mutanen gari gaskiya.

Ba za a ce kamfanin bai yaba ba. Shekara shida da suka wuce an kawo mai hoto ya ɗauke ta tana kan aiki, aka rubuta "Muna sauraron ku" a ƙasa, aka buga a kalanda, da jikin motocin gyara, da bangon fayil ɗin da manyan kamfanin ke rungumewa in za su taro. Ita aka ba ta kalanda biyu. Hoton bai yi mata ba, don ɗankwalinta ya karkace ta gefen dama, ta kuma ce duk garin za a ɗauka haka take ɗauri. Mijinta mai gyaran rediyo ne, shagonsa na bakin layinsu, kuma shi bai ga karkata ba. Ya rataya kalandar a kan teburin aikinsa, shekarar ta ƙare ya ƙi saukewa.

"Matata ce," yakan gaya wa masu kawo gyara. "In ruwanku ya ɗauke, ita ce take ba ku haƙuri. Ni ma abin da nake samu ke nan a gida, haƙuri ba ruwa."

Wata Talata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, tana magana da wani dattijo da bututu ya fashe a ƙofar gidansa, ruwa yana shiga masa ɗaki. Tana cikin tambayarsa ko ya san inda makunnin rufe ruwan yake, sai wata ƙara ta tashi a cikin soson hagu, siririya, mai kaifi, kamar an ja ƙusa a kan gilashi a cikin kanta. Ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Ta ga ɗakin ya karkata, ta riƙe bakin tebur da hannu biyu. Doguwa ta ce daga baya ita ma ta ji ƙarar daga inda take, duk da katakon da ke tsakaninsu da sosonta biyu.

Dattijon yana nan a kan layi, ruwan kuma bai fasa shiga ɗakinsa ba. Uwar Layi ta zame soson hagu, ta jawo na dama ta rufe kunnen dama da shi, ta kwatanta masa inda zai murɗa, ta tura masa motar gyara. Sannan ta amsa waya ta gaba. Ta amsa arba'in da ɗaya kafin lokacin tashi. A ranar ce kaɗai 'yar takarda ba ta zaga ba, aka wuni ana tabbatar wa mutanen wata unguwa cewa ruwansu lafiya lau, alhali an rufe shi tun rana tsaka.

Da yamma suna zaune a falo, mijin a kujerarsa ta hagunta inda ya saba zama tun da suka tare a gidan. Ya ba ta labarin wani da ya kawo rediyo da kyankyasai a ciki, ba ta yi dariya ba. Ya maimaita ƙarshen labarin, ba ta juyo ba.

"Shekara talatin ina magana kina yi kamar ba ki ji ba," ya ce. "Yau dai kin ƙware."

Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, cokali ya zame ya faɗi a kan faranti, sai ya ga ta zabura ta dafe kunne da tafin hannu. Bai ƙara wasa ba. Ya tashi ya ɗauko 'yar rediyon aljihunsa, ya kunna ta ƙasa-ƙasa, ya kai ta kunnen dama. Ta ce labarai ake. Ya zagayo da ita hagu.

"Me suke cewa?"

"Ba komai. Wani abu ne dai yake ta kuka a ciki tun safe, kamar tukunyar shayi ta tafasa an ƙi saukewa."

Ya kashe rediyon ya sa a aljihu. "Gobe ba ki zuwa aiki."

"Wa zai ji sanarwa?"

"Uwar gida, ke ma ba ji za ki yi ba."

Likitan kunne ya sa ta a wani ɗan ɗaki kamar akwati, ya ba ta maɓalli ya ce duk sanda ta ji ƙara ta danna. Ta danna da gaskiyarta, inda ba ta ji ba ta bar shi. Ya fito da takarda mai layi biyu. Na sama a miƙe yake. Na ƙasa ya fara tafiya tare da ɗan'uwansa, ya zo tsakiya ya gangara.

"Mama, kunnenki na dama ya fi nawa," in ji likitan. "Na hagu kuwa ƙara ce ta buge shi. Kukan da kike ji zai iya raguwa, amma jin da ya tafi ba zai dawo duka ba. Akwai na'urar da ake maƙalawa, za ta taimaka."

Sakataren ƙungiyar ma'aikata, wani gajeren mutum mai biro uku a aljihu, shi ya cike mata fom ɗin neman diyya. Bayan wata biyu kamfanin ya amsa da wasiƙa mai ladabi. An ce an duba rajistar ranar, an ga ta amsa waya arba'in da ɗaya bayan lokacin da ta ce abin ya faru, kuma wanda ya ji rauni ba ya haka. An ce kuma a shekara hamsin da huɗu raguwar ji ba abin mamaki ba ne. Kamfanin yana yi mata fatan samun sauƙi.

Ta karanta sau biyu a tsaye. Zancen shekaru bai dame ta ba, ta san shekarunta. Arba'in da ɗayan nan ne suka tsaya mata a wuya. Abin da ta ɗauka za a faɗa a ranar da za a yi mata walimar ajiye aiki, shi aka ɗauko aka nuna da shi cewa ƙarya take yi. Ta ce wa sakataren a kai maganar gaban kwamitin diyya. Na'urar kunne tana so, ba ta musu. Amma abin da ta fi so shi ne a rubuta a takarda mai hatimi cewa aikin ne ya ci kunnen.

Ana gobe zaman kwamitin, sakataren ya zo shagon mijinta, ya zauna a kan wata tsohuwar sifika, ya rage murya, sannan ya tuna ya koma ta damanta.

"Anti, zancen tsufa likita ya kashe shi, tsufa ba ya zaɓar kunne ɗaya. Amma lauyansu ba yaro ba ne. Zai ce hedifon ma ba ya zaɓar kunne ɗaya, ƙara a soso biyu take fita, me ya sa na dama bai ji komai ba? In kika ce a kunne ɗaya kike sawa, ya buɗe shafi na huɗu. Ya ce ke kika karya doka, diyya ta tafi, a kuma jefa miki takardar tuhuma a fayil ɗinki."

Fayil ɗinta babu ko ɗigon tuhuma a shekara goma sha tara, kowa a ɗakin ya san haka, don ta sha faɗa.

"To me zan ce?"

"Ki ce soson dama ya mutu tun da daɗewa. Wa zai bincika? Hedifon ɗin ma an jefar."

"Bai mutu ba. Da shi na ƙarasa aikin ranar."

"Anti, ni da ke muka san wannan."

"Ƙanena," ta ce, "shekara goma sha tara ban taɓa ce wa mutum mota na hanya ba sai tana hanya. Shi ya sa in na ce tana hanya suke ajiye waya su je su buɗe ƙofa. Ba zan fara a gaban kwamiti ba."

Sakataren ya dubi mijin yana neman taimako. Mijin yana hura ƙura daga cikin wata rediyo.

"Kada ka dube ni," ya ce. "Ni ban taɓa cin ta a magana ba, kuma lokacin kunnenta biyu."

Ofishin kwamitin yana hawa na uku, ɗaki mai dogon tebur da fanka mai ƙara a kowane zagaye. Mutum uku ne a kwamitin, shugabarsu wata mata mai tabarau da igiya a wuya. Lauyan kamfanin ya zo da kwat da murmushi, ya gaishe da Uwar Layi har da rusunawa, ya zauna ya kifa fayil ɗinsa a gabansa. Manaja yana gefensa, yana ta gyaran agogon hannu.

Komai ya tafi yadda sakataren ya faɗa. Aka karanta takardar likita. Lauyan ya ce bai ja da likita ba. Ya miƙe, ya ce yana da 'yar tambaya ɗaya kawai ga Mama.

"Mama, hedifon soso biyu ne da shi, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"In ƙara ta fito, a duka biyun take fitowa."

"Haka ne."

"To yaya aka yi ta ci na hagu ta bar na dama?"

Sakataren ya taɓa ƙafarta da takalminsa a ƙarƙashin tebur. Ta janye ƙafar.

"Na dama ba ya cikin soso. A kunne ɗaya nake sawa. Shekara goma sha shida ke nan."

Lauyan ya gode mata ƙwarai. Ya buɗe littafin dokoki, ya karanta shafi na huɗu a hankali, yadda kowa zai ji daɗinsa. Uwar Layi ta bayyana zancen allon da ya mutu da 'yar takardar da ke zagawa, ya saurara cikin tausayi, ya ce wannan dabararta ce ita kaɗai, ba wanda ya sa ta. Sannan ya juya ga manajan.

"Kamfani ya san tana haka?"

Manajan ya dubi fankar, ya dubi tebur. "Da mun gani da mun hana," ya ce.

Uwar Layi ta dube shi. Wannan shi ne mutumin da kullum in ya leƙo daga ƙofa, tebur na bakwai yake fuskanta kafin ya buɗe baki, wani lokaci ma ya jira ta ɗaga hannu alamar ta ji. Ba ta ji haushinsa sosai ba, ta san shi ma yana da fayil. Ta sauke ido, idon ya sauka a kan abin da ke gaban lauyan. Ta san wannan shuɗin kwali. Ta san abin da ke ɗaya gefen.

"Ranki ya daɗe," ta ce wa shugabar, "ina roƙon a ce wa lauya ya juyo da fayil ɗinsa."

Lauyan bai ga laifin haka ba, ya juya. Ga ta nan a tebur na bakwai tana murmushi, soson hagu a kan kunne, na dama an tura shi baya har ya karkata ɗankwali, kunnen dama a fili da ɗankunnensa. A ƙasa an rubuta "Muna sauraron ku", da tambarin kamfanin.

Shugabar ta miƙa hannu aka ba ta. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo.

"Wannan ke ce?"

"Ni ce. Ɗaurin ne ya ɓata hoton."

"Manaja, wa ya buga wannan?"

"Kamfani ne, ranki ya daɗe."

"Guda nawa?"

"Ba zan iya cewa ba. Duk shekara ake sake bugawa."

"Wa yake sa hannu a sake bugawa?"

Manajan ya gyara agogonsa. Ya ce shi ne.

"Wanda nake gani a jikin motocinku, shi ne wannan?"

"Shi ne."

"A jikin mota kunnen ya kai tayar keke girma," in ji Uwar Layi, don a taimaka wa kwamitin.

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya yi tari a cikin hankicinsa. Lauyan ya nemi a ba shi fayil ɗinsa, shugabar ta ce takardun ciki zai iya ɗauka, bangon ya zama shaida. Ta rubuta wani abu mai tsawo, sannan ta ɗago.

"Saura tambaya ɗaya, tawa ce ba ta lauya ba. Da abin ya same ki, me ya hana ki ajiye waya ki nemi likita?"

"Ruwa yana shiga ɗakin mutum."

"Na ji wannan. Sauran arba'in da ɗayan fa?"

"Su ma sun kira."

Shugabar ta cire tabarau ta bar shi ya rataya a igiyarsa. Ta ce za a aiko da hukunci a rubuce.

A matakala, suna saukowa, sakataren ya ce shi dama ya san haka za a yi. Manajan ya cim musu a hawa na biyu, ya tsaya ta hagunta ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa, ya wuce da sauri. Sakataren ya ce haƙuri ya ba ta. Ta ce to, Allah ya sa haka ne, ya zaɓi gefen da ya dace.

Bayan mako uku wasiƙar ta zo, da hatimi. Kwamitin ya ce raunin rauni ne na aiki, kamfanin ya san yadda take sa hedifon, ya amfana da shi, har ya yi talla da shi. Za a biya ta diyya, a kuma saya mata na'urar kunne. A layin ƙarshe shugabar ta ƙara da cewa da ma'aikaciyar ta bi shafi na huɗu, da kunne biyu kamfanin zai biya.

Kamfanin ya nuna cewa yana iya sauri in ya so. Cikin wata guda aka gyara allon sanarwa, aka kawo sababbin hedifon masu yanke ƙara in ta yi yawa, aka maye hoton kalanda da na ɗigon ruwa, wanda ba shi da kunne. Aka kuma fitar da sanarwa mai zafi kan muhimmancin shafi na huɗu. Takardar tuhuma ba ta shiga fayil ɗin kowa ba. Uwar Layi ta je da kanta ofishin ma'aikata ta ce a nuna mata nata, ta buɗe shafi-shafi, ta mayar.

Likita ya hana ta komawa kan waya, sai aka ba ta aikin koyar da sababbin ma'aikata. Ranar farko takan karanta musu shafi na huɗu ba tare da ta yi murmushi ba. Sannan ta gaya musu abin da ba ya cikin littafin, cewa in suka ji wata ƙara ta soke su, su cire abin nan take, su faɗa, a rubuta a ranar da lokacin, kada wanda ya yi irin jarumtarta. Tana faɗin haka da gaske. Amma in wani ya tambaye ta waya nawa ta amsa a ranar, ba ta taɓa cewa ta manta ba.

A gida, mijin ya ɗauke kujerarsa ya mayar ta damanta, abin da ya ce ya fi tashin gida wahala. Sai dai ya bar wata 'yar kujera a hagu. In ya fasa kofi, ko ya manta da saƙon da ta ba shi, a nan yake zama ya faɗa a hankali, ya tashi da zuciya wasai. Na'urar ta zo, 'yar ƙarama, ɗankwali ya rufe ta ruf. Mako biyu ta bar shi yana zuwa hagu yana amsa laifi, tana yi kamar ba ta ji, kafin wata rana ta ce masa duk ta ji, kuma kofin da ya ce mage ce ta ture, gidan ba mage.

Wasiƙar kwamitin ba ta cikin akwati. Mijin ya kai an yi mata gilashi, ya rataya ta a shago ƙarƙashin tsohuwar kalandar. Masu kawo gyara sukan tsaya su karanta yayin da suke jira. In ta biyo ta wajen da yamma ta tarar da wani yana karantawa, takan tsaya ta bari ya kai layin da aka ce rauni ne na aiki, sannan ta yi sallama.